Hasumiyar Garin Sai-an-faɗa

A wani gari da ake kira Sai-an-faɗa, can gaba da inda kwalta ta gaji ta tsaya, akwai wata doguwar hasumiya ta siminti da rodi, wadda aka gina domin watsa shirye-shiryen talabijin. Tsawonta ƙafa ɗari uku, matakalarta ɗari huɗu da goma sha ɗaya. A ƙolinta akwai ɗaki mai taga huɗu, gabas da yamma, kudu da arewa. A tsakiyar ɗakin an kafa ƙarafa huɗu a daɓe, inda za a ɗaure injin watsa shirye-shiryen idan ya iso. Yau shekara talatin da ɗaya ke nan injin yana hanya.

Ba wai an manta da shi ba ne, kada a yi wa hukuma ƙazafi. Da farko an ce yana cikin jirgin ruwa. Da jirgin ya iso, aka ce ana neman takardarsa. Da aka samu takardar, aka ce an loda shi a babbar mota, motar kuma ta taso. Tun daga lokacin, duk sabon Shugaban Gari da ya hau, aikinsa na farko shi ne ya tabbatar wa jama'a cewa motar ta kusa, na biyu kuma ya sa a yi wa hasumiyar sabon fenti ya ƙaddamar da ita. Sau shida ana ƙaddamar da ita. Kowane shugaba sai ya manna allon tagulla mai sunansa a gindinta, har allunan suka zagaye ta kamar layu a wuyan jinjiri.

Duk da haka ba za a ce hasumiyar ba ta da amfani ba. Manoma da inuwarta suke sanin lokacin tashi daga gona. Shamuwa a kanta take sauka ta sanar da damina. Jemagu sun cika cikinta, masu lambu suna zuwa kwasar kashinsu su zuba wa albasa. Baƙo in ya ɓata a daji, ita yake hangowa ya dawo hanya. Abu ɗaya kawai ba ta taɓa yi ba, shi ne abin da aka gina ta dominsa.

Mai kula da ita wani dattijo ne, Malam Nomau. Tun yana saurayi aka tura shi birni wata shida ya koyi sarrafa injin da bai taɓa gani ba sai a hoton littafi. Ya dawo da littafin, da takardar shaida, da madubin hangen nesa, wanda shi ne kaɗai abin da ya iso daga cikin kayan aikin. Kullum da safe yakan hau matakalar nan kaf, ya share ɗakin, ya shafa wa ƙarafan mai don kada su yi tsatsa kafin injin ya zo, sannan ya tsaya a taga ya duba hanyar mota. Ya auri matarsa yana jiran injin, ya binne ta yana jiran injin. Mutum ne mara hayaniya, amma yana da aibi ɗaya da garin bai taɓa yafe masa ba: abin da ya gani da idonsa, sai ya ce ya gani.

Wannan kuwa babban aibi ne a Sai-an-faɗa, kuma ga dalili. Shekarar da aka gama ginin, mutane sun sayar da awaki sun sayi talabijin. Da suka kunna ba su ga komai ba sai yayyafi fari da baƙi, da wani sauti kamar ana suya. Aka fara gunaguni a Kasuwar Allah-ya-kawo. Sai majalisar garin, wadda ake kira Majalisar Haka-ne, ta zauna ta samo mafita. Aka ɗauko wata ƙatuwar talabijin aka kwashe kayan cikinta, aka cire gilashin, aka ɗora kwankon a kan tebur a gindin hasumiya, aka rataya labule a bayansa. Kullum bayan La'asar sai wani ma'aikaci ya zauna a bayan labulen, ya zura kansa cikin kwankon, ya karanta wa jama'a labarai. An ce na wucin gadi ne, kafin mota ta iso. Aka sa wa abin suna Akwati, mai zura kan kuma aka naɗa shi Sarkin Akwati.

A ko'ina cikin duniya gani ne ke korar ji. A Sai-an-faɗa ji ya kori gani, ya raka shi har bayan gari. Yaran da aka haifa a zamanin Akwati suka girma suka haifi nasu, ba su san wata gaskiya ba sai wadda ta fito ta cikin kwankon nan. Ruwa zai jiƙa mutum sharkaf, ka ce masa an yi ruwa, ya ce bari dai mu ji La'asar. Wata shekara fara ta cinye gero ƙarƙaf, Akwati ya ce an yi yabanya, mutane suka riƙa yi wa juna barka alhali cikinsu yana kuka. Har tsari gare shi: kullum labarai, ranar Alhamis kuma wasan kwaikwayo, don jama'a su huta da jin alheri.

Garin yana da madatsun ruwa biyu, Madatsar Ba-komai ta Ɗaya a arewa, da Madatsar Ba-komai ta Biyu a gabas. Ɗan kwangila ɗaya ne ya gina su, da irin siminti ɗaya, kuma an ce da ragowar simintin ya gina wa kansa bene. A gangaren ta arewa Unguwar Kwari take, inda Kuluwa, autar Malam Nomau, take aure. Ita kaɗai ta rage masa a garin, ita da 'ya'yanta uku da mijinta Haladu mai lambu.

Wata Litinin a tsakiyar damina, Malam Nomau ya gama shafa mai, ya ɗaga madubinsa ta tagar arewa, sai ya ga wani baƙin layi a jikin madatsar, siriri kamar zare, daga sama har ƙasa. Ya goge madubin da bakin rigarsa ya sake dubawa. Layin yana nan. Bai tsaya wata-wata ba, ya sauko ya hau kekensa ya tafi har wurin. Tsaga ce. Ya zura hannunsa ciki har wuyan hannu, ruwa mai sanyi yana bin yatsunsa. Da ya waiwaya, rufin ɗakin Kuluwa ne abu na farko da idonsa ya sauka a kai.

Can ya nufa kai tsaye. Haladu ya durƙusa ya gaishe shi, Kuluwa ta kawo ruwa. Bai sha ba.

"Auta, ku tattara kayanku ku dawo gidana yau. Madatsa ta tsage. Da hannuna na taɓa."

Kuluwa ta dubi mijinta. Haladu ya sunkuyar da kai yana zana ƙasa da tsinke, don yaro ne mai kunyar suruki.

"Baba, ba musu nake yi da kai ba, Allah ya tsare ni. Amma jiya har aka rufe labule ina wurin Akwati. Ba a faɗa ba."

"Ga hannuna, ɗana. Ko bushewa bai yi ba."

"Na ga hannun, Baba. To amma in na kwashi iyali na bar unguwa a kan abin da ba a faɗa ba, me zan ce wa mutane?"

Malam Nomau ya gane cewa ba madatsar zai gyara ba, ba kuma surukinsa ba. Hanya ɗaya ce: maganar ta fito ta cikin Akwati. Sai ya tafi wurin Sarkin Akwati na lokacin, Mamuda, wani mutum mai zaƙin murya da santsin goshi, wanda ya gaji kujerar daga kawunsa. Ya same shi yana shafa man gashi. Mamuda ya saurare shi har ƙarshe, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Malam Nomau, ni kai kawai nake zurawa. Abin da ke fita daga bakin, takarda ce daga Ofishin Tace Gani. Ko sunana aka rubuta cewa na mutu, haka zan karanta."

Ranar Talata Malam Nomau ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi Ofishin Tace Gani. Magatakardan ofishin yana cin gyaɗa, bai ɗaga kai ba sai da ya ji kalmar tsaga.

"Daga ina ka ganta?"

"Daga saman hasumiya, yallaɓai."

"Hasumiya ta wa ce?"

"Ta hukuma."

"To duk abin da aka gani daga cikinta kayan hukuma ne. Ka faɗa wa wani?"

"'Yata da mijinta."

"Wato ka fitar da kayan hukuma ka kai gidan surukinka."

"Yallaɓai, ai na je har wurin na zura hannu."

"A wane matsayi ka zura shi? Kai ma'aikacin hasumiya ne. Madatsa ba ta cikin sashenka."

Daga ƙarshe dai magatakardan ya ji tausayin furfurarsa, ya ba shi takardar cikewa. Ƙa'ida mai sauƙi ce, in ji shi: kafin a sa labari a Akwati, sai mai labarin ya kawo shaidu biyu da suka ji labarin a Akwati.

Ranar Laraba ya tsaya a ƙofar Majalisar Haka-ne tun safe har aka gaji da ganinsa aka shigar da shi. Majalisar tana cikin babban aiki, domin sabon Shugaban Gari, Alhaji Ƙaddamau, zai yi wa hasumiya ƙaddamarwa ta bakwai ranar Asabar, ana ta muhawara a kan launin fenti. Malam Nomau ya cire takalmi ya zube ya faɗi abin da ya gani. Shugaba ya gyara zaman hularsa.

"Dattijo, madatsar nan wa ya ƙaddamar da ita bara?"

"Kai ne, ranka ya daɗe, lokacin kana mataimaki."

"Ka taɓa jin abin da na ƙaddamar ya tsage?"

"Haka ne," in ji majalisa.

"Ranka ya daɗe, ruwa ba ya karanta allon tagulla."

Aka yi tsit. Wani ɗan majalisa da barci ya ɗauke shi ya farka ya ce "Haka ne," maƙwabcinsa ya taka masa ƙafa. Shugaba mutum ne mai son a ce yana sauraron talakawa, don haka bai sa an kama dattijon ba. Ya ba da umarni a magance matsalar nan take. Da La'asar ɗin ranar Mamuda ya zura kai ya sanar da cewa Madatsar Ba-komai ta Ɗaya tana cikin ƙoshin lafiya, kuma abin da wasu marasa kishin gari ke kira tsaga, ƙofar shan iska ce da masana suka bari da gangan. Mutanen Unguwar Kwari, waɗanda da ma ba su ji komai ba, suka ji daɗi ƙwarai da aka ƙaryata shi.

Ranar Alhamis da safe layin ya yi kauri, ba ya ma bukatar madubi. Malam Nomau ya wuni bai ci komai ba. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa karya doka ba, ko ta ajiye keke, amma tsoro ya riga ya cinye kunyarsa. Bayan La'asar jama'a suka taru a gindin hasumiya, aka shimfiɗa tabarmi, masu dafaffiyar masara suka kewaye. Da ya ga Mamuda ya zaga baya kurkure baki, sai ya faɗa bayan labule ya zura kansa cikin Akwati.

"Jama'a, ku saurare ni. Madatsar arewa ta tsage. Ruwa yana tafe. Mutanen Kwari, ku kwashi 'ya'yanku ku hau tudu."

Kowa ya juyo gare shi. Ya ga idanu ɗari-ɗari a kansa, ya ji a ransa cewa Allah ya karɓi addu'arsa. Sai wata tsohuwa a sahun gaba ta tuntsire da dariya, dariyar ta bi taron kamar wutar kara. Bawan Allah ya manta ranar Alhamis ce, ranar wasan kwaikwayo.

"Wallahi ba wasa nake ba," in ji shi.

Aka ƙara fashewa. Ya rantse, aka tafa. Ya kira mutanen Kwari da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ji sunansa sai ya miƙe ya ɗaga hannu, ana yi masa shewa. Da abin ya fi ƙarfinsa hawaye suka zubo masa har gemu, nan fa taron ya rikice da tafi, tsohuwar nan tana cewa tunda aka kafa Akwati ba a taɓa wasa mai kyan wannan ba. Haladu yana tsaye a gefe yana washe baki, yana gaya wa na kusa da shi cewa surukinsa ne. Kuluwa kaɗai ba ta yi dariya sosai ba, don ba ta taɓa ganin hawayen ubanta ba sai ranar da aka fita da gawar uwarta.

Dogarai suka janye shi ta ƙafa. Aka dakatar da shi daga aiki saboda fitowa a Akwati ba da izini ba. Sai dai an ce ya riƙe makullin hasumiya zuwa ranar Asabar, domin duk garin ba mai gwiwar hawa matakala ɗari huɗu da goma sha ɗaya ya ɗaura tuta sai shi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya koma gidan Kuluwa. Wannan karon bai ambaci madatsa ba. Ya gwada gaskiya a tsaye, ya gwada ta a durƙushe, ya gwada ta cikin Akwati, duk ba ta ci ba.

"Auta, gobe da sassafe ki zo da yaran. Hasumiya tana son shara kafin manyan baƙi su zo, ni kuma bayana ya ƙi."

"To, Baba. Amma har da yaran? Za su dame ka."

"Har da su. Kai ma ɗana, ka zo ka kama mini tuta."

Haladu ya ce in sha Allahu zai zo, bari dai ya fara gyara jinkar ɗaki da safe, don tana yoyo. Malam Nomau ya roƙe shi ya bar jinkar sai jibi. Haladu ya yi dariya cikin ladabi ya ce, "Baba, jiya ka ba mu dariya. Har yanzu ana maganar a lambu."

Asabar ta waye da rana tas. Kuluwa ta zo da tsintsiya da goyo da yara biyu, ubanta ya kai su can ƙoli ya ce kada su sauko sai ya ce. A ƙasa an kafa rumfuna, an jera kujeru, an rufe sabon allon tagulla da farin ƙyalle. Yawancin mutanen Kwari sun zo, saboda Akwati ya sanar cewa za a raba shinkafa. Waɗanda suka rage a unguwar su ne marasa wayon da suka tsaya aiki.

Da hantsi Alhaji Ƙaddamau ya miƙe ya fara jawabi. Ya kai inda ake cewa mota ta kusa, sai aka ji wani ruri daga arewa, mai nauyi, har ƙasa tana rawa. Shugaba ya dakata. Wani daga bayan taro ya ɗaga murya ya ce, "Mota ta iso!" Makaɗa suka saki ganga, mata suka rangaɗa guɗa, 'yan majalisa suka rungumi juna. Shugaba kansa ya yi mamaki, don bai taɓa tsammanin akwai motar ba, amma ya gyara babbar rigarsa ya juya arewa domin tarbar ta.

Abin da ya iso ja ne, kuma ba shi da taya. Da ya fara lasar ƙafafun kujeru, sai aka nufi ƙofar hasumiya, wadda Malam Nomau ya bari a buɗe tun asuba. Bisa tsarin girmamawa, Shugaba aka fara turawa, mutum huɗu suna tallafe da shi, sannan majalisa, sannan talakawa, kowa a kan matakalar da darajarsa ta kai shi. Mamuda ya zo daga baya yana haki, da Akwati a kansa.

Ɗakin ƙoli ya cika maƙil. Mutane suka dafe tagogi suna kallon Unguwar Kwari tana nutsewa ɗaki bayan ɗaki. Malam Nomau ya sa madubi a tagar arewa. Ya ga Haladu a kan jinkar da yake gyarawa, ya rungume tsororuwarta, da igiya har yanzu a hannunsa. Ya ga jinkar ta tashi daga kan ginin ta juya sau biyu. Daga nan bai sake ganin komai ba sai ruwa. Ya sauke madubin a hankali, ya rataye shi, ya jingina da bango.

An fara koke-koke, har wasu sun fara duban Shugaba da wani irin ido. Sai Shugaba ya yi wa Mamuda alama. Mamuda ya nemi inda zai ajiye Akwati, ya ga ƙarafa huɗu a tsakiyar ɗaki suna ƙyallin mai, ya ɗora shi a kai. Akwatin ya zauna daram kamar an auna. Malam Nomau yana kallo, ƙarafan da ya shekara talatin da ɗaya yana shafawa suka karɓi kayansu.

Mamuda ya durƙusa ya zura kai, ya zaro takardar da Ofishin Tace Gani ya ba shi tun safe, ya gyara murya. Ya ce an yi bikin ƙaddamarwa lafiya an tashi lafiya. Ya ce Madatsar Ba-komai ta Ɗaya tana ci gaba da kasancewa cikin ƙoshin lafiya. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka saki tagogin, suka juya musu baya, suka fuskanci Akwati. Na kan matakala suna tambayar me aka ce, ana miƙa musu labarin daga baki zuwa baki har ya kai ga waɗanda ruwa ke taɓa wa gwiwa. Aka ji ajiyar zuciya ta bi hasumiyar daga sama har ƙasa.

"Alhamdulillahi," in ji Kuluwa, tana jijjiga goyonta. "Baba, ashe ba komai. Har na tsorata."

Bayan kwana uku ruwa ya janye. Akwati ya bayyana cewa an samu ƙarin danshi a wasu sassan gari. Mutum goma sha bakwai da ba a gani ba kuwa, ya karanto sunayensu ya ce sun tafi ci-rani, hukuma tana yi musu fatan dawowa da alheri. Sunan Haladu ne na tara. Mutanen Kwari aka yanka musu filaye a gabas, a wani wuri mai ni'ima da ke gangaren Madatsar Ba-komai ta Biyu, aka sa masa suna Unguwar Kwanciyar Hankali.

Sau ɗaya Malam Nomau ya zaunar da 'yarsa ya faɗa mata abin da ya gani ta madubi. Ta saurare shi har ya gama, tana murza gefen zaninta.

"Baba, an faɗa a Akwati. Ci-rani ya tafi. Da ma yana ta cewa zai je."

Ya dubi fuskarta, ya ga yadda ta riƙe maganar nan da hannu bibbiyu. A karo na farko a rayuwarsa ya rasa ƙarfin halin yi wa Akwati musu, kuma wannan ya fi masa ciwo fiye da dariyar ranar Alhamis. Ta ci gaba da ajiye wa mijinta kwanon tuwo. Shi kuma bai sake tayar da zancen ba.

Majalisar Haka-ne ta kafa kwamiti ya binciko abin da ya jawo firgici ranar biki. Kwamitin ya yi aiki tuƙuru ya gano cewa tagogi ne. Da ba a leƙa ba, in ji rahoton, da ba wanda ya tsorata. Aka yanke shawarar toshe su duka huɗu da bulo da siminti kafin a maimaita ƙaddamarwa ta bakwai, wadda danshi ya katse. Da aka nemi wanda zai hau da kayan aka rasa, sai aka yafe wa Malam Nomau laifinsa aka mayar da shi bakin aiki.

Bulo bibbiyu ya riƙa hawa da su. Ya toshe ta arewa da farko, don ba ya son ganinta. Ya toshe ta yamma, ya toshe ta kudu inda yake duba hanyar mota. Ɗakin ya yi duhu, jemagu suka fara hawowa suna duba sabon masauki. Ranar da ya kai ga ta gabas, Kuluwa ta hawo masa da fura tun daga Unguwar Kwanciyar Hankali. Ta same shi saura bulo ɗaya ya rufe, yana tsaye da madubi a ido, ya zura shi ta ramin da ya rage, saitin Madatsar Ba-komai ta Biyu. Ta yi sallama, shi dai yana ta kallo. Ta ajiye ƙwaryar ta jira, har ta gaji.

"Baba, me kake kallo haka? Ko masu ci-rani ne suka fara dawowa?"

Ya sauke madubin. Ya goge shi da bakin riga, ya sake ɗagawa, ya daɗe. Sannan ya naɗe shi cikin tsumma ya ajiye a kan littafin injin.

"Auta, gobe da sassafe ki zo da yaran. Hasumiyar nan tana son shara."

"Baba, ai kwanan nan na share ta."

"Ki dai zo. Har da yaran."

Ya ɗebi siminti a cokalin gini, ya ɗauki bulon ƙarshe ya sa a ramin.